Babi na Shida: Maganin da Aka Yanke wa Hukunci Babu Shaida

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin jiran likita a Babban Asibitin Isa ko na Sabon Birni, cikin mutanen da suka yi sammako daga Tozai da Gatawa da Turba da sauran garuruwan ƙasar Gobir, ya san akwai wata magana da take fita daga bakin majinyata sakaka, mai faɗinta bai san nauyinta ba, alhali kuwa a kunnen mai rubuta magani tana da nauyin hukuncin alƙali: "Likita, wannan maganin bai karɓe ni ba." Wani ya ce jininsa ba ya sonsa, wata ta ce borin jini yake sa mata, wani kuma shi kansa bai ga kome ba, innarsa ce ta gaya masa cewa tun yana goye aka yi masa wata allura jikinsa ya feso da ƙuraje. In maganin da aka ambata fenisilin ne, ko ɗaya daga cikin danginsa kamar amfisilin da amoksisilin da Ampiclox, sai ma'aikacin lafiya, wanda tarin jama'a ke jiransa a bayan wannan, ya rubuta kalma biyu a goshin kati, ya ja musu layi, ya nemi wani magani dabam. Daga wannan rana an raba bawan Allah da zuriya guda ta magunguna har iyakar rayuwarsa, ba a kira shaidu ba, ba a tambayi yaushe ko ƙaƙa ba, kuma ba wanda ya gaya masa cewa ana iya ɗaukaka ƙara.

Ba za a ga laifin ma'aikacin nan ba, domin tsoron da yake ji yana da asali. Tun daga 1928 da Alexander Fleming ya lura cewa wata fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a cikin farantin gwajinsa a Asibitin St Mary's na Landan, har zuwa 1941 da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu na Oxford suka tace sinadarin suka fara yi wa mutane allurarsa, da wuya a sami maganin da ya tsamo rayuka daga bakin kabari kamar wannan. Amma da amfani da shi ya yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai likitoci suka fara ganin abin firgita, watau a yi wa mutum allura yana cikin hira, kafin a ajiye sirinji fuskarsa ta kumbura, maƙogwaronsa ya shaƙe, jininsa ya sauka, in ba a gaggauta ba ya cika nan take. Ƙididdigar da aka tattara tun cikin shekarun 1960 ta nuna wannan mummunan bori yana samun kamar mutum 1 zuwa 4 cikin kowane 10,000 da aka yi wa jinya da fenisilin, mutuwa kuwa kamar 1 ko 2 cikin 100,000. Kaɗan ne ƙwarai, amma wanda ya gani da idonsa sau ɗaya ba ya mantawa, sai ya gadar wa almajiransa tsoron, su ma su gadar wa nasu.

Abin da aka daɗe ba a yi ba shi ne a koma a yi tahƙiƙi a kan waɗanda aka rubuta wa kalmomin nan a kati. Da aka yi, abin da ya bayyana ya ba likitoci kansu mamaki. A Amurka kamar mutum 10 cikin 100 suna ɗauke da wannan alama a takardunsu na asibiti, a Ingila kamar 6, a asibitocin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa ba su kai 5 ba. Amma in aka tara masu alamar aka jarraba su yadda ya kamata, sai a tarar 9 cikin 10, har da ɗoriya, suna shan maganin lafiya lau. Hasali ma, ko wanda borinsa na gaskiya ne ba lalle ya dawwama a kansa ba, domin garkuwar jiki tana da mantuwa: kamar rabin masu irin borin nan na nan take suna rabuwa da shi bayan shekara 5, kamar 8 cikin 10 kuma bayan shekara 10. Ke nan mutum na iya kaiwa shekara arba'in yana gudun abin da jikinsa ya daina ƙi tun bai yi kaciya ba.

To, daga ina waɗannan shaidun zur suke fitowa, tun da yake masu ba da su ba maƙaryata ba ne? Ibnu Sina, wanda ya rasu cikin 1037, ya shimfiɗa sharuɗɗa bakwai na jarraba magani a cikin littafinsa al-Ƙanun, daga cikinsu akwai cewa a jarraba shi a kan cuta guda wadda ba ta cakuɗe da wata ba, kuma kada a jingina masa wani tasiri sai an ga tasirin yana maimaituwa, domin abin da ya auku sau ɗaya la'alla dacewa ce kurum. Duk sharuɗɗan nan biyu a karye suke a ranar da aka fi samun alamar ƙarya. A duba yadda abin yake gudana a karkara: yaro ya kwana uku da zafin jiki da tari da jan ido, a tafi kemis a karɓo kafso ja da baƙi, da wasu ƙwayoyi farare a ƙulle cikin leda babu suna, da na ruwa a kwalba, a ɗura masa duka, kashegari ko jibi ƙuraje su feso tun daga bayan kunne har gangar jiki. Ƙyanda ce, wadda wasu ke kira baƙon dauro, kuma ɗabi'arta ce ta fito bayan kwana uku ko huɗu da fara zazzaɓi, ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma uwa ta ga abin da ta ba shi da hannunta, ba ta ga ƙwayar cutar ba, saboda haka kafson ne zai ɗauki laifi. Cututtukan yara masu fesa ƙuraje suna da yawa ban da ƙyanda, kuma galibin alamun nan tun ana ƙuruciya ake samo su.

Sa'an nan akwai rikita magani da magani. Kulorokwin, da aka yi shekaru ana sha domin zazzaɓin cizon sauro, sananne ne wajen sa baƙar fata ƙaiƙayi mai hana barci. Septrin da Fansidar kuwa wata zuriya ce dabam, kuma suna cikin waɗanda suka fi jawo mummunar saluɓewar fata a ƙasashenmu. In an haɗa wa mutum waɗannan da kafso a leda guda, wa zai rantse wanne ne ya yi ɓarnar? Akwai kuma abin da ba bori ba ne sam, kamar tashin zuciya da gudawa da ɗacin baki, waɗanda wahala ce ta magani, ba ƙiyayyar jini ba. Akwai ƙaton da ya ga tsinin allura bai karya kumallo ba ya sulale ƙasa a sume. Akwai wani abu mai ban tsoro da allurar furoken fenisilin, farar nan mai kauri da aka yi yayinta, take haifarwa in ta kuskure ta shiga jijiyar jini: mutum ya ji kunnensa na ƙara, ya ga abubuwan da babu su, ya tabbata ajalinsa ya zo, sa'an nan kafin rabin sa'a ya dawo hayyacinsa, na kusa su ce iska ce ta taɓa shi, ma'aikaci ya ce bori ne, alhali ba ko ɗaya. Mai ciwon tunjere kuma yakan yi zazzaɓi da makyarkyata 'yan sa'o'i bayan allurar farko, wannan kuwa alama ce ta mutuwar ƙwayoyin cutar, watau maganin yana aiki ke nan. Kai, har ɗan gwajin nan da akan yi a fatar hannu kafin babbar allura, in ba a tsarma maganin bisa ƙa'ida ba, zafinsa kaɗai ya isa ya tayar da fata a ce an ga hujja. Na ƙarshe, kuma mafi raunin duka, shi ne ƙiyasi da dangi, a ce tun da bai karɓi uwa ba, ba zai karɓi ɗa ba. Wannan bori ba gadonsa ake yi kamar gona ba.

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin damuwa, ai magunguna suna da yawa, in an hana wannan a ba da wancan? Nan ne kuskuren yake. Wani bincike da Kimberly Blumenthal da abokan aikinta suka wallafa cikin 2018, bisa takardun manya fiye da 300,000 na Birtaniya, ya nuna masu ɗauke da alamar sun fi sauran haɗarin kamuwa da wata ƙwayar cuta mai taurin kai da ake kira MRSA da kashi 69 cikin 100, sun kuma fi su haɗarin wata muguwar gudawa da ke biyo bayan shan magunguna masu faɗin duka da kashi 26. A wani binciken na Boston kuma an ga haɗarin ruɓewar wurin fiɗa ya ƙaru gare su da kamar rabi. Dalili kuwa a fili yake, domin maganin da ake komawa gare shi sau da yawa bai kai fenisilin dacewa da cutar ba, ya fi shi illa, ya fi shi tsada, kuma yana kashe ƙwayoyin ciki masu amfani tare da masu cutarwa.

Wannan fa a ƙasashen da kantin maganin asibiti yake cike. A bakin iyakar Gobir al'amarin ya fi haka tsanani, domin kusan duk cututtukan da suke ɗauke mana yara da mata, dangin fenisilin ne makaminsu na farko. Amoksisilin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora a gaba wajen ciwon haƙarƙari na yara, shi ne kuma akan haɗa wa yaro mai tamowa tare da abincin nan na gyaɗa. Ciwon noma mai cinye dasashi da kumatun yara, wanda saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato cikin 1999, kuma Nijeriya ta yi jagoranci har hukumar ta shigar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023, in an tare shi tun yana dasashi amoksisilin da Flagyl ne suke tsayar da shi kafin ya huda fuska. Yaro mai amosanin jini, watau sikila, ƙwayar fenisilin safe da yamma har ya kai shekara 5 ita ce garkuwarsa, domin gwajin da aka wallafa a Amurka cikin 1986 ya nuna tana rage masa haɗarin gubar jini mai kisa da kashi 84 cikin 100. Wanda ciwon maƙogwaro ya taɓa wa zuciya, allurar benzatin fenisilin duk sati uku ko huɗu, shekara da shekaru, ita ke hana zuciyar ƙarasa lalacewa. Mace mai ciki da ke da tunjere kuwa, babu wani magani da aka tabbatar yana warkar da ita da abin da ke cikinta baki ɗaya kamar wannan allura, har ta kai ko borinta na gaskiya ne, likitoci kan kwantar da ita su riƙa ba ta ɗan mitsitsi suna ninkawa duk bayan minti 15 har jiki ya saba, sa'an nan a yi mata allurar. Wanda aka hana wa duk waɗannan bisa riwayar da ba ta da isnadi, sa'an nan aka ce ya nemo madadinsu a Sakkwato, alhali hanyar dajin Gundumi ta daɗe matafiya suna shakkarta saboda 'yan bindiga, kuɗin motar kuma ya fi kuɗin maganin, lalle an cuce shi ba da niyya ba.

Cutarwar ba ta tsaya nan ba, domin tsoro yakan yi naso. An daɗe ana karantar da cewa 10 cikin 100 na waɗanda fenisilin bai karɓa ba, wata zuriya maƙwabciya da ake kira sefalosforin ma ba za ta karɓe su ba. Daga baya aka gane cewa lissafin ya kumbura ne saboda waɗanda aka fara sarrafawa suna gauraye da ɓurɓushin fenisilin, kuma adadin gaskiya bai wuce kamar 2 cikin 100 ba, ga seftiriyazon ma ƙasa da haka, saboda ƙirarsa ta bambanta. Seftiriyazon kuwa shi ne allurar sanƙarau, cutar da ta kama fiye da mutum 14,000 a annobar 2017, galibinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Jinkirin sa'a guda ana shawara a kan yaron da wuyansa ya sanƙare, saboda ƙurajen da ya yi yana goye, ba ƙaramar hasara ba ce. Bugu da ƙari, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan kashe ƙwayoyin cuta kashi uku, na yau da kullum, da na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar baƙin ciki. Fenisilin da amoksisilin suna cikin kashin farko, kuma cikin 2024 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha zai riƙa fitowa daga nan. Alamar ƙarya takan tura majinyaci zuwa kashi na biyu, inda ƙwayoyin cuta suka fi saurin koyon bijirewa, ga shi kuwa ƙiyasin 2019 ya nuna bijirewar nan ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mamata in an auna da yawan jama'a.

Gyaran wannan mas'ala, abin farin ciki, rabinsa tambaya ce, kuma tambaya ba ta bukatar na'ura. Mu ɗauka wata dattijuwa ce ta kawo jikanta ɗan shekara tara an kwantar da shi da ciwon haƙarƙari, ta kuma yi gargaɗi tun a bakin ƙofa cewa kafso ba ya karɓarsa. Sai malamin jinya ya jawo kujera ya zauna, maimakon ya tsaya a kanta da biro.

"Inna, wane iri ne bai karɓe shi ba?"

"Wallahi ɗan nan, ban san sunansa ba, ja da baƙi ne, mai kemis ya ba mu."

"Shi kaɗai kuka ba shi?"

"A'a, da wasu farare, da na ruwa."

"Yana shekara nawa lokacin?"

"Ko yaye shi ba a yi ba."

"Ranar da ya sha ƙurajen suka fito, ko sai da aka kwana?"

"Sai da aka kwana biyu. Dama yana ta zafin jiki."

"Leɓɓansa ko idanunsa sun kumbura? Numfashi ya sarƙe masa? Fata ta saluɓe, ko bakinsa ya yi gyambo?"

"Allah ya tsare, ba ko ɗaya. Ƙuraje ne dai, suka bushe da kansu."

"To Inna, tun daga nan ya ƙara shan wani maganin ƙwayoyin cuta?"

Sau da yawa a nan ne dattijuwa za ta kwance bakin zane ta fito da tsohon kati ko kwalin magani, a ga ashe bara da kunnensa ya yi ruwa an ba shi Amoxil ya shanye kwalba guda ba abin da ya same shi. Ita ba ta san Amoxil da kafson nan 'yan gida ɗaya ne ba. Wanda ya sha maganin lafiya bayan aukuwar abin da ake tsoro, shari'arsa ta ƙare, ba ya bukatar wani gwaji; haka nan wanda duk abin da ya gani tashin zuciya ne, ko wanda labarin danginsa kawai yake bayarwa.

Sauran kuwa sai a auna su. Cikin 2020 Jason Trubiano da abokan aikinsa na Melbourne a Ostareliya suka fito da wani ɗan ma'auni da suka sa wa suna PEN-FAST, wanda ma'aikaci zai iya haddacewa a zama ɗaya: in abin ya auku cikin shekara 5 da suka wuce, maki 2, in an sami shaƙewa da faɗuwar jini, ko kumburin fuska, ko mummunar illar fata, maki 2, in sai da aka yi wa borin magani kafin ya lafa, maki 1. Wanda makinsa bai kai 3 ba, yiwuwar borinsa ya zama na gaskiya ba ta kai 5 cikin 100 ba. A da, ko irin wannan mutum sai an tura shi wurin ƙwararre ya yi masa gwajin fata da sinadarai masu tsada da wuyar samu, a ɗiga a soka, a jira minti 15 zuwa 20, sa'an nan a ba shi ya sha. Cikin 2023 aka wallafa sakamakon wani gwaji mai suna PALACE, wanda Ana Copaescu ta jagoranta a asibitoci 6 na Ostareliya da Kanada da Amurka, inda aka raba manya 382 masu ƙarancin maki gida biyu, aka yi wa gida ɗaya gwajin fata kafin su sha, ɗaya gidan kuma aka ba su maganin kai tsaye. Mutum ɗaya tak a kowane gida ya nuna bori nan take, ba kuwa wanda ya shiga haɗari. A ganina wannan sakamako ya fi amfanar Isa da Sabon Birni a kan Melbourne, domin ya cire abin da ba mu da shi daga cikin sharuɗɗa, ya bar abin da muke da shi.

Ga yadda ake yi. A zaɓi majinyacin da jikinsa ya daidaita, ba wanda ke haki ko jininsa ke ƙasa ba, a kuma zaɓi hantsi, lokacin da ma'aikata suke cike, ba tsakar dare ba. A auna jininsa da bugun zuciyarsa da numfashinsa, a dubi fatarsa da kyau tun kafin a fara, domin kada a ga tsohon ƙurji daga baya a ce sabo ne. A ajiye kwalbar adirenalin da sirinji a kan tire kusa da gado, an duba ranar lalacewarta, kowa ya san cewa babba rabin mililita ake yi masa a naman cinya, a maimaita bayan minti 5 in bukata ta kama. Sa'an nan a ba shi amoksisilin miligiram 250 ko 500 da kofin ruwa. Mai taka-tsantsan ya fara da ushiri, ya jira rabin sa'a, ya ba da ragowar. A zauna da shi sa'a guda cur ana lura. Galibi ba abin da ke faruwa illa gajiyar zama. In sa'a ta cika lafiya an kawar da shakkar borin nan take, sai a gaya masa ya sa ido kwana biyar, in ƙuraje sun fito ya dawo a gani. Tun da yake a kwance yake a asibiti, ko wannan ma ya zo da sauƙi, shi ya sa gadon jinya ya fi ko'ina dacewa da aikin.

Akwai waɗanda ba a kusantar su da wannan gwaji faufau: wanda fatarsa ta taɓa saluɓewa kamar ƙuna, baki da ido da al'aura suka yi gyambo, wanda maganin ya taɓa wa hanta ko ƙoda, ko ya farfasa masa jini, wanda ya yi zazzaɓi da kumburin fuska da ƙuraje makonni bayan fara sha. Waɗannan haramcinsu tabbatacce ne har abada. Wanda kuma ya taɓa shaƙewa ko ya faɗi jim kaɗan bayan allura, musamman in abin bai daɗe ba, sai a miƙa shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nan ya wajaba a ambaci ɗaya fuskar matsalar, wadda a karkararmu ba ta gaza ta farko muni ba, watau mai bori na haƙiƙa wanda ba a rubuta masa kome ba, ko aka rubuta katin ya ɓace, yana yawo daga kemis zuwa mai allurar kasuwa, yau a ba shi Ampiclox, gobe Augmentin, bai san duk abu guda ne aka sauya wa riga ba. Tambayar da take wanke tara ita ce take tabbatar da na goma, a ba shi takarda ya riƙe.

Wajibi ne kuma a nemi yardar mutum a fili, da Hausar da yake ji, a gaya masa abin da za a ba shi da abin da ka iya faruwa, a kuma bar shi ya ƙi in ya ga dama. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan cikin gwajin da ya haɗa yara kamar 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, har aka sasanta da Gwamnatin Kano cikin 2009 a kan dala miliyan 75. Abin da muke magana a kai ba sabon magani ba ne, zuriyar fenisilin ta haura shekara 80 a hannun likitoci; amma uban da ya ji an ce za a gwada wani abu a jikin ɗansa yana da haƙƙin ya tambaya, kuma wanda ya ɓoye masa bayani don gudun doguwar magana ya rushe aikin da hannunsa.

Saura abu guda, wanda aka fi sakaci da shi ko a ƙasashen da kwamfuta ke riƙe da takardun majinyata: alamar da aka goge takan dawo, domin wani ma'aikaci zai sake tambaya, majinyaci kuma ya sake ba da tsohuwar amsa. A wurinmu alamar ba a takarda take zaune ba, a bakin uwa da kaka da miji take, kuma tana ƙetare iyaka tare da su, kamar yadda dubban mutanen wannan yanki suka ƙetara zuwa ƙasar Maraɗi tun daga 2019, da yawansu ba su tsira da ko kati ba. Saboda haka bai isa a soke kalmomin a fayil ba. Sai a rubuta wa mutum 'yar takarda mai ɗauke da sunan maganin da ya sha, da yawansa, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya lura da shi, a kuma yi bayanin a gaban wanda ya fara ba da labarin, domin in Inna ba ta gamsu ba, ba a yi kome ba.

Kai kuma mai karatu, in an taɓa ce maka fenisilin bai karɓe ka ba, ko bai karɓi ɗanka ba, kada ka sayo kafso ka jarraba a ɗaka, domin a ɗaka babu adirenalin. Ka tambayi manyanka abin da suka gani tun suna raye, ka tattara tsofaffin katuna da kwalayen magani, ranar da ka je asibiti ka ba likita labarin daki-daki, ka roƙe shi ya duba ko kana cikin waɗanda za a iya gwadawa.